AMSOSHIN TAMBAYOYINKU: Tarihin Dashen Gashi Da Hanyoyin Da Likitoci Ke Bi

 

A wannan mako takardu uku muka samu a kan magana ɗaya, wato dashen gashi. Ta farko daga wani Alhaji ce mai sayar da hatsi a kasuwar Dawanau ta Kano. Ya ce ɗansa mai shekara 24 sanƙo ya fara cin goshinsa, ya tasa shi gaba lallai sai ya ba shi kuɗi ya tafi Turkiyya a dasa masa gashi, shi ne yake tambaya ko abin nan gaskiya ne, ko kuwa hanyar cin kuɗin mutane ce kawai. Ta biyu daga wani manomin albasa ce a Aliero ta Jihar Kebbi. Shi kuma ya ji ana cewa hanya biyu ake bi, ta yanka da ta tsinta, yana son ya san wadda ta fi, da wanda ya fara wannan aiki a duniya. Ta uku kuwa wata malama ce daga Maraɗi, ta ce kitso ya cinye mata gashin gaba, ko mata ma ana yi musu dashe, kuma me malamai suka ce a kai?

To, Alhaji da Malam da Malama, mun gode da takardunku. Amsa a gajarce ita ce dashen gashi gaskiya ne, aikin likita ne da aka daɗe ana yi, kuma gashin yana kamawa. Sai dai akwai magana ɗaya da nake so kowa ya riƙe tun daga nan: likita ba ya iya ƙara wa kan mutum ko sili ɗaya na sabon gashi. Abin da yake yi shi ne ya ciro daga ƙeyarka ya kai goshinka. Malam na Aliero ya fi kowa gane wannan, domin shi ma ba ya samun abin dashe sai daga inda ya yafa iri, kuma abin da ya cire daga can ya ciru ke nan. Tarihin da za ku ji yanzu, tarihi ne na yadda likitoci suka yi ta neman dabarar cire irin nan ba tare da ɓarna ba.

ME KE KAWO SANƘO?

Kukan sanƙo tsohon kuka ne. A wata daɗaɗɗiyar takardar magunguna ta Masar, wadda aka rubuta wajen shekara 1550 kafin haihuwar Annabi Isa, Alaihis Salam, akwai haɗin maganin sanƙo da ake yi da kitsen zaki da na dorina da na kada da na kyanwa da na maciji da na akuyar daji. Kun ga ashe masu tallar man tsiro da gashi a ranar kasuwa suna da kakanni. Haka kuma an ba da labarin Juliyas Kaisar na Rum cewa sanƙonsa ya dame shi ƙwarai, har yakan tajo gashin baya ya kwantar da shi a gaba don ya rufe.

Masanan Girka na da, irin su Aristotal, sun lura da wani abu mai ban mamaki, wato babanni, mazan da aka dandaƙe tun suna yara, ba sa yin sanƙo. Dalilin haka bai fito fili ba sai a shekarar 1942, lokacin da wani masani Ba'amurke mai suna James Hamilton ya binciki irin waɗannan mutane. Ya ga cewa gashinsu ba ya zuba, amma in aka ba su sinadarin maza da ake kira testostaron, to waɗanda ke da sanƙo a danginsu sai su fara yi. Wato abu biyu ne ke haɗuwa, gado da sinadarin maza. Daga baya aka gano cewa jiki yana juya testostaron ya zama wani sinadari da likitoci ke kira DHT, shi ne yake matse saiwar gashi a hankali. Gashin sai ya yi ta sirancewa yana gajercewa shekara bayan shekara, har ya daina fitowa. Saboda haka masu cewa hula ko rawani ke kawo sanƙo, su saki hula ta huta, ba laifinta ba ne.

Yanzu ku dubi duk wani dattijo mai sanƙo a garinku. Kome tsananin sanƙonsa za ku ga gashi ya rage masa a ƙeya da saman kunnuwa, ya zagaye kan kamar rawani. Saiwar gashin wannan wuri ba ta jin DHT yadda ta goshi da ta tsakar ka ke ji. Wannan yanki shi ne rumbun da kowane likitan dashe ke ɗiba.

WAƊANDA SUKA FARA

Farkon gwajin da aka rubuta ya faru ne a Jamus a shekarar 1822. Wani ɗalibin likitanci mai suna Johann Dieffenbach, a garin Würzburg, ya cire gashi daga kansa ya huda fatar hannunsa ya dasa. Wasu suka bushe, wasu suka faɗi, wasu kuma suka kama. A shekarar 1897 kuma, a birnin Istanbul wanda iyayenmu ke kira Santambul, wani likitan fata mai suna Menahem Hodara ya gwada dasa gashi a tabon da wata muguwar cutar makero ke bari a ka.

Amma waɗanda suka aza harsashin aikin sosai likitocin Japan ne. A shekarar 1939 Dokta Shoji Okuda ya buga bayanin yadda yake amfani da wani ɗan ƙarfe mai zagayayyen baki, irin wanda dukawa ke huda fata da shi, yana ciro 'yar guntuwar fata mai gashi ya dasa ta a wani wuri. Marasa lafiyarsa galibi waɗanda wuta ta ƙona ne, da masu tabo a ka, da waɗanda suka rasa gira. A 1943 wani likitan, Hajime Tamura, ya nuna cewa in aka dasa gashi ɗaya zuwa uku a kowane rami, aikin ya fi kama da halitta. Sai Yaƙin Duniya na Biyu ya rufe labarinsu, ga shi kuma da Japananci suka yi rubutun, saboda haka Turai da Amurka ba su ji ba. Sai bayan shekara 60 da 'yan kai aka fassara rubutun Okuda zuwa Turanci. Da an ji maganar Tamura da wuri, da an hutar da dubban mutane daga abin kunyar da za ku ji a gaba.

ZAMANIN MANYAN DUNƘULE

A shekarar 1952 wani likitan fata a birnin Niu Yok na Amurka, Norman Orentreich, ya fara dasa gashi a kan mai sanƙon gado. Ya buga sakamakonsa a 1959, inda ya kafa ƙa'idar da ake bi har gobe, wato gashi yana tafiya da halin inda aka ciro shi. Gashin ƙeya in aka kai shi goshi zai ci gaba da zama gashin ƙeya, ba zai bi maƙwabtansa su zube tare ba. Kamar dai ka ɗauki irin gero mai jure fari ka kai wata gona, halinsa na nan a jikinsa.

Matsalar ita ce bakin ƙarfen Orentreich ya kai milimita 4, kowane dunƙule na ɗauke da gashi kusan 20. Dole a bar tazara tsakanin dunƙule da dunƙule don jini ya isa kowanne, sai kan mutum ya fito cunkus-cunkus kamar na 'yar tsana, ko kamar gero a kan kunya. Daga nesa za ka san an yi wa mutum aiki. Ƙeyar ma a lokacin haka ake barin ramukan su warke da kansu, su bar fararen tabbai jere-jere, kuma iri mai yawa yana salwanta a tsakaninsu. Duk da haka kusan shekara 30 aka yi ana bin wannan hanya.

Ganin haka sai wasu likitoci suka shiga neman gajeriyar hanya. A 1975 wani likita a Ajantina, José Juri, ya bayyana yadda yake yanko doguwar fatar kai mai gashi daga gefe zuwa ƙeya, ya bar gefe ɗaya a manne don jini, ya juyo ta ya shimfiɗa a goshi. Mutum na tashi daga aiki da gashi cike da goshi, amma gashin na kwanciya ta inda bai saba ba, bakinsa kuma ya yi kauri a miƙe kamar an ja layi, ga manyan tabbai. A 1977 kuma wasu likitoci 'yan'uwan juna a Kanada, masu suna Blanchard, suka kawo dabarar yanke fatar sanƙon gaba ɗaya, a jawo gefe da gefe a ɗinke. Sai aka tarar fata na sake miƙewa, sanƙon ya dawo, ga tabo a tsakar ka. Wasu ma har gashin roba suka riƙa soka wa mutane a fatar kai, jiki ya ƙi karɓa, kai ya yi ta ruwa da ƙuraje, har hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, takwarar NAFDAC ta Nijeriya, ta haramta shi a 1983. Sauri dai ya haifi nawa.

HANYAR YANKA

Gyara ya zo ne daga duba halittar Ubangiji da kyau. A 1984 wani masani mai suna John Headington ya nuna cewa gashin kai ba ya fitowa a warwatse, yana fitowa ne tushe-tushe, kowane tushe da gashi 1 zuwa 4, da ƙwayar maiƙonsa da 'yar tsokarsa. A 1988 Dokta Bobby Limmer na Jihar Tekzas ya fara yanko zirin fata ɗaya daga ƙeya, ya sa shi a ƙarƙashin madubin likita mai ƙara girman abu, ya rarraba shi tushe-tushe yadda aka halicce shi. Ya buga bayaninsa a 1994. A 1995 wasu likitoci biyu, Robert Bernstein da William Rassman, suka tsara aikin suka yaɗa shi. Wannan ita ce hanyar yanka da Malam ya ji, likitoci na taƙaita sunanta da FUT.

Ga yadda ake yi. Ana yi wa mutum allurar kashe zafi a fatar kai, idonsa biyu. A yanko ziri daga tsakiyar ƙeya, faɗinsa santimita ɗaya zuwa ɗaya da rabi, tsawonsa kuwa yakan kai daga bayan kunne zuwa bayan kunne. A ɗinke wurin. Sai ma'aikata su zauna da madubi su yi ta rarraba zirin, likita kuma ya yi ta huda ƙananan ramuka a wurin sanƙo, yana lura da yadda gashin wurin ke kwanciya. Masu sili ɗaya a sa su a bakin goshi, masu uku da huɗu a baya. Bayan kwana 10 zuwa 14 a cire zare. Abin da ke saura shi ne tabo ɗaya siriri a kwance a ƙeya, kuma yana nan har abada.

HANYAR TSINTA

Saboda wannan tabo ne wasu suka koma ga ɗan ƙarfen Okuda, amma suka ƙanƙanta bakinsa ƙwarai. Masumi Inaba a Japan da Ray Woods a Ostareliya sun fara gwadawa tun ƙarshen shekarun 1980, sannan a 2002 Rassman da Bernstein suka buga bayanin hanyar da sunan FUE. A nan ba a yanka ziri, ba a ɗinki. Ana aske ƙeya, a ɗauki ƙarfe mai baki kamar milimita ɗaya ko ƙasa da haka, a zagaye tushe ɗaya, a zaro shi da ɗan hantsaki, a tsallake na kusa da shi, a koma na gaba. Haka za a yi sau 1,500 ko 2,000 ko fiye, aiki ne na wuni guda. Ramukan na rufewa cikin mako guda, su bar ɗigo-ɗigon tabo.

Daga baya aka sa wa ƙarfen inji mai juyawa, aiki ya ƙara sauri. A 2011 hukumar nan ta Amurka ta amince da wata na'ura mai suna ARTAS, wadda kwamfuta ke sarrafawa tana tsintar tushen da kanta, amma izinin da aka ba ta a lokacin na maza ne masu miƙaƙƙen gashi. Akwai kuma wani alƙalamin dashe da Dokta Choi na Koriya ta Kudu ya bayyana a 1992, wanda ke huda rami ya saka tushe a lokaci guda. Shi ne masu talla ke kira DHI, suna nuna kamar hanya ce ta uku. A gaskiya kayan shuka ne kawai, cirar kuwa tsinta ce dai.

Hanyar tsinta ce ta sa birnin Istanbul ya zama babbar kasuwar dashen gashi a duniya, domin farashinsu bai kai na Turai da Amurka ba. Shahararrun mutane ma sun cire wa abin kunya. A 2011 ɗan ƙwallon Ingila Wayne Rooney, yana da shekara 25, ya faɗa wa duniya da bakinsa cewa an yi masa dashe. Ku riƙe wannan kuma: a 2013 sai da ya koma aka ƙara masa.

TO WACCE TA FI?

Malam na Aliero, bambancin hanyoyin nan biyu a wajen cira yake, amma wajen shuka duk ɗaya ne. In hannun mai aiki ya ƙware, gashin da zai fito a goshi ba za ka bambance na yanka da na tsinta ba. A duka biyun gashin da aka dasa yana zubewa cikin makonnin farko, saiwar ta zauna a ƙasa, sabon tsiro ya fara leƙowa bayan wata 3 zuwa 4, ba a ganin cikakken sakamako sai an shekara. Wanda bai san haka ba sai hankalinsa ya tashi ya ce an cuce shi.

Amfanin yanka shi ne duk irin daga tsakiyar rumbu yake fitowa, inda gashi ya fi ƙarko, kuma da yake ido na ganin saiwa a ƙarƙashin madubi, ba a cika datse ta ba. Ana samun tushe mai yawa a zama ɗaya, ba a kuma bukatar aske kai duka. Illarta zafi bayan aiki ya fi yawa, sai an kiyaye ɗaukar kaya masu nauyi na wasu makonni don kada ɗinki ya buɗe, ga kuma tabo. A ƙasarmu da yawancin maza ke yin aski ƙasa-ƙasa ko ƙwal-kwabo, wannan tabo zai fito sarai, balle ranar da mutum ya cire hula ya yi aski a Makka.

Amfanin tsinta shi ne babu ɗinki, warkewa da wuri, kuma mai gajeren aski zai iya yawo ba a lura ba. Illarta ita ce likita ba ya ganin saiwar da yake zagayewa, lalube yake yi, in hannunsa ya karkace sai ya datse ta, kuma saiwar da aka datse ta tafi. Sannan don a sami adadi mai yawa dole a bazu a ƙeya, har a kai gefen da shi ma wata rana zai zube. In aka yi haɗama aka kwashe da yawa, ƙeya sai ta zama kamar tabarmar da gara ta ci, kuma wannan ba shi da gyara. Masu cewa tsinta ba ta barin tabo ba su faɗi daidai ba, tabon ƙanana ne dai.

Kan mutum na ɗauke da gashi wajen 100,000, amma abin da za a iya cira daga ƙeya tsawon rayuwa ba tare da ta yi fili ba, tushe ne 'yan dubbai kawai. Wanda sanƙo ya cinye masa daga goshi har tsakar ka, rumbunsa ba zai rufe gonar duka da kauri irin na da ba, ko da wace hanya aka bi.

IRIN GASHINMU NA BAƘAR FATA

Nan ne maganar ta shafe mu kai tsaye, domin kusan duk dabarun nan a kan masu miƙaƙƙen gashi aka ƙirƙiro su. Gashinmu murɗaɗɗe ne, kuma murɗewar ba a waje kaɗai ta tsaya ba, saiwar ma a lanƙwashe take a cikin fata kamar lauje. Miƙaƙƙen ƙarfe in ya nutsa sai ya yanke ta a tsakiya. Shi ya sa tsinta ta fi wuya a kanmu, sai da ƙarafa na musamman da hannun da ya saba, shi ya sa kuma wasu likitoci suka fi son yanka ga baƙar fata. Amma muna da riba ɗaya, murɗaɗɗen gashi ya fi rufe fata, kaɗan ma sai ya yi kamar mai yawa.

Abu na biyu shi ne tabo mai tsiro, wanda kuka sani a kunnen wasu mata bayan huda, ko a inda wanzami ya yi tsaga, sai wurin ya kumbura ya yi tauri ya wuce girman raunin. Wannan ya fi yawa a baƙar fata. Duk wanda jikinsa ke yin haka, ko yake da ƙurajen nan masu tauri da ke fitowa a ƙeya bayan aski, lallai ya gaya wa likita tun kafin a taɓa shi. Likita na gari yakan gwada dasa 'yan kaɗan tukuna ya jira ya ga yadda fata za ta yi.

GA MALAMA TA MARAƊI

Malama, ana yi wa mata dashe, kuma irin naki na cikin waɗanda ake yi wa. Kitso mai tsauri da ƙarin gashi mai nauyi suna jan saiwa kullum har ta gaji. In abin bai daɗe ba, sassauta kitso kawai na iya dawo da gashi. In ya yi shekaru wurin ya yi sumul yana sheƙi, saiwar ta mutu, sai dashe. Mata da yawa sun fi son yanka, domin ba a aske musu kai, kuma gashi na rufe tabon. Amma in aka koma wa matsattsen kitso, wanda aka dasa ma zai bi sawun na farko.

Ki sani kuma ba kowace zubar gashi ce ke son dashe ba. Kowane mutum na zubar da sili 50 zuwa 100 a rana, wannan ba ciwo ba ne. Zubar da ke zuwa wata 2 zuwa 4 bayan haihuwa, ko bayan zazzaɓi mai tsanani, tana tsayawa da kanta. Ƙarancin jini na kawo ta. Makeron kan yara maganin sha yake so daga asibiti. Wadda kuma ke cin kai zagaye-zagaye kamar kwabo, garkuwar jiki ce ke faɗa da saiwa, dashe ba ya yi mata magani. Saboda haka a fara da ganin likitan fata, ana samunsu a asibitocin koyarwa da manyan asibitocin gwamnati.

Game da addini kuwa, Majalisar Fiƙihu ta Ƙasa da Ƙasa da ke ƙarƙashin Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na 2007 a Maleshiya, ta sa dashen gashi ga wanda nasa ya zube a cikin ayyukan gyaran jiki da suka halatta, musamman ga mace. Shaihu Ibn Usaimin na Saudiyya ma ya halatta, ya ce mayar da halitta ce yadda take da kawar da aibi, ya kafa hujja da hadisin mutum uku na Banu Isra'ila, kuturu da mai sanƙo da makaho, inda mai sanƙon ya roƙi gashi aka ba shi. Malamai sun bambanta wannan da ƙarin gashi da aka hana, domin dashe gashinki ne na kanki, mai rai, aka sauya masa wuri. Duk da haka yana da kyau ki tuntuɓi malaminku.

SHAWARA GA ALHAJI

Alhaji, shekara 24 ta yi wuri. Tun 1975 wani likita mai suna O'Tar Norwood ya kasa sanƙon maza mataki 7, kuma a wannan shekaru ba a san matakin da na yaronka zai tsaya ba. Dashe ba ya tsayar da sanƙo. In aka cika masa goshi yau, gashin da ke baya zai ci gaba da zuba, nan da shekara 10 sai ka ga tsibirin gashi a gaba, fili a bayansa, rumbu kuma an riga an taɓa shi. Dubi kawunnansa da baffanninsa, a nan za ku ga alamar inda aka dosa.

Akwai magunguna biyu da aka tabbatar suna rage zubar. Na shafawa sunansa minoksidil, asalinsa maganin hawan jini ne aka ga yana tsiro da gashi, aka amince da shi a Amurka a 1988. Na sha sunansa finasterid, aka amince da shi don sanƙo a 1997, shi yana rage DHT ne. Duk biyun in an daina sha ko shafawa zubar na dawowa. Finasterid yana rage wa wasu maza ƙalilan sha'awa, kuma haɗari ne ga mace mai ciki, don haka ba abin saya a bakin tasha ba ne, sai likita ya rubuta.

In kuma daga baya an yanke shawarar yin dashen, ko a Turkiyya ko a asibitocin kuɗi na Legas da Abuja, to a yi ciniki irin na Dawanau, a kwance bakin buhu a ga hatsi. A tambaya: wane ne zai riƙe ƙarfen, likita ne mai lasisi ko yaran shago? Ƙungiyar likitocin dashen gashi ta duniya, wadda aka kafa a 1993, ta daɗe tana kuka da wuraren da ake tallata sunan likita amma waɗanda ba likitoci ba ne ke yin aikin. A tambaya: baƙar fata nawa ya yi wa, ina hotunansu bayan shekara guda, gaba da ƙeya? Tushe nawa zai cira, nawa zai bari don gaba? In rauni ya yi ruwa bayan an dawo gida, wa za a nema? Wanda ya yi alkawarin adadi mai yawan gaske a kuɗi kaɗan ba tare da ya duba ƙeyar yaro ba, a guje shi, araha ba ta ado. Kuma kada a sayar da sa ko gona saboda wannan. Sanƙo ba ya kisa, ba ya hana noma ko ciniki, a wajenmu ma har tsokana ake yi ana cewa alamar arziki ce.

To jama'a, nan za mu dakata a wannan mako. Masu tambayoyi su ci gaba da aiko da takardunsu, a rubuta suna da gari sosai yadda za a iya karantawa. Allah Ya ba mu lafiya da zama lafiya, Ya sa albarka a abin da muke nema. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Wassalam.